Ƙafar Kaza a Bayan Kwamfuta

Maliki maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Maƙerarsa tana bakin layinsu a Kurmin Mashi, rumfar kwano ce da hayaƙi ya rine. Duk abin da ya fito daga cikinta da shaidarsa yake fita, zane uku da suka haɗu a gindi kamar ƙafar kaza. Wuƙar mahauta, fartanyar masu lambu, addar 'yan sintirin unguwa, in ka juya za ka ga ƙafar kaza. Kuma ba ƙira kaɗai ba. Butar alwalarsa tana da ita, bokitin gidansa yana da ita, har kujerar da matarsa Turai take zama a kai in za ta tuƙa tuwo. Cewa yake yi abin da ba shi da shaida na kowa ne, abin kowa kuwa ba ya daɗewa.

A 'ya'yansa maza babu wanda ya gaji masaba. Autansu, Mansur, karatun kwamfuta ya sa a gaba. Da aka ce ba zai kammala ba sai da tasa ta kansa, Maliki bai yi shawara da kowa ba. Ya je Rigachikun ya rabu da 'yar gonar da ya gada, ya dawo da kwamfutar cinya sabuwa fil a cikin kwalinta.

Ranar Asabar ce. Bai shiga da ita gida ba. A bencin maƙera ya ajiye ta, gaban 'yan majalisa, ya sa ƙusa a wuta har ta yi ja. Ya kife kwamfutar, ya nemi kusurwa ɗaya, ya zana mata ƙafar kaza. Warin ƙonanniyar roba ya tashi.

Mansur ya dafe kai. "Baba! Batir fa yana ƙasan nan!"

"Tun ba a haife ka ba na san inda nake sa hannuna."

Ila, mai shagon cajin waya a bakin titi, dariya har da riƙe ciki. "Baba Maliki, saura shi Mansur ɗin, a yi masa a goshi."

"Shi fuskata ya ɗauko. Ba ya ɓacewa."

Sannan ya mayar da kwamfutar cikin ledarta, ya miƙa wa ɗansa da hannu biyu. "Ka bar mata ledarta. Sabon abu da rigarsa ake saninsa."

Haka al'adar take a unguwar, kuma shi Maliki ya fi kowa riƙe ta. Babur ɗinsa ya tsufa, amma har yau ledar kamfani tana manne a fitilarsa.

Ranar Talata da safe unguwa ta tashi da mugun labari. Masu ƙwace sun tare A'isha a cikin Keke Napep tana hanyar ofis. Suka sare ta a dantse, suka gudu da jakarta, da sabuwar kwamfutar da wurin aiki suka ba ta a ciki. A'isha ƙanwar Audu ce, shugaban 'yan sintiri. Dama an kai mutane bango. Kusan kowane gida akwai wanda aka ƙwace wa waya, ko mai tabon wuƙa. Kuma kowa ya san inda kayan suke ƙarewa. Akwai masu wanke su, su goge duk abin da ke ciki, su kankare shaidar jiki, su sayar kamar ba a taɓa mallakarsu ba.

Audu ya zo maƙera daga asibiti, idonsa jawur. Ya ajiye addarsa a gaban Maliki. Maliki ya ɗauka ya wasa ta da kansa, ya gwada bakin a farcensa, ya miƙa masa.

"In kun kama ɓarawon, kada ku tsaya tambaya," in ji Maliki.

Bayan azahar ya shiga gida cin abinci. A zaure ya tarar da Mansur zaune a tabarma, kwamfutar a buɗe gabansa. Ledar tana gefe a cukurkuɗe. Yaron riƙe yake da reza, yana ɓare 'yan sitikun da ke kusa da maɓallai. An soke wani ɗan filashi a gefen na'urar. A fuskarta wani zare yana tafiya a hankali, ƙarƙashinsa fararen rubutu suna gudu a baƙin fili kamar tururuwa.

Maliki ya tsaya. "Me kake yi mata?"

"Sannu da zuwa, Baba. Manhaja nake sauya mata, wato abin da ke tafiyar da ita. Wadda ta zo da ita ta kamfani ce, a kulle take, ba ka ganin yadda aka yi ta. Wannan ta cikin filashin sunanta Linux. A buɗe take. Kowa yana iya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani kyauta. Da ita muke karatu."

"Wa ya ƙera ta?"

"Mutane ne da yawa, ko'ina a duniya."

"Shaidar wa take ɗauke da ita?"

Mansur ya yi murmushi, bai lura da fuskar uban ba. "Ai daɗinta ke nan, Baba. Ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta kowa ce."

"Ta cikin da na sayo fa?"

"Na goge ta. Ta tambaye ni ko a share komai, na ce a share."

Maliki bai fahimci manhaja ba. Abin da ya fahimta shi ne gonar ubansa ta zama wannan abu, yaro kuma ya tuɓe masa riga, ya kankare masa shaida, ya zubar da cikinsa, ya cusa abin tsintuwa. Hannun da ya yi shekaru yana dukan ƙarfe ya tashi da kansa. Marin ya jefa Mansur jikin bango. Leɓensa ya fashe, jini ya zubo a gaban farar rigarsa.

Turai ta fito da gudu, ludayi a hannu. "Haba Malam! Auta ne fa, ba jaki ba!"

"Koma ciki."

Ya ɗaga ƙafa zai shure kwamfutar, Mansur ya kifa a kanta. "Baba, don Allah! Tana tsakiyar aiki. In ta mutu yanzu babu tsohuwa babu sabuwa. Ga shi babu wuta, batir ya kusa ƙarewa."

"Wa ke ɓare sabon abu in ba ɓarawo ba? Fita min da ita. Kada ka dawo sai ta koma yadda na sayo ta."

Mansur ya tashi. Ya jefa rezar a aljihun gaba, ya ɗauki kwamfutar a buɗe kamar mai ɗauke da kwanon miya, ya fita. Babu kwali, babu leda. Maliki ya leƙa ya ga ya nufi bakin titi, wajen shagon Ila, inda janareta ke ƙara.

Bai ci abincin ba. Ya koma maƙera, ya ja zuga-zugi, ya sa ƙarfe a wuta. Yana cikin duka ya ji ihu daga bakin titi.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

Ya ga samari suna wucewa a guje, wani da gora, wani da katako, wani yana garo tsohuwar taya. Maliki ya gyaɗa kai. An kama shi ke nan. Ya juya ƙarfensa da awartaki, ya ci gaba da duka, yana jin hayaniyar tana ƙaruwa, ransa yana yin sanyi.

Sai ga Turai. Matar da tun da ya aure ta ba ta taɓa taka bakin maƙera ba, ga ta babu mayafi, babu takalmi.

"Malam! Auta ne! Auta suke kashewa!"

Bai ajiye masabar ba. Da ita ya fita.

Rabonsa da gudu har ya manta. Gwiwa tana ƙara, numfashi yana yanka masa ƙirji, amma ya isa. Taron ya rufe gaban shagon Ila, an kifar da teburin caji, wayoyin mutane sun watse a ƙasa ana tattakawa. Ba a ganin tsakiya. Sai dai gorori suna hawa suna sauka, da wani sauti kamar ana bugun buhun wake.

"Ku ba ni hanya."

Babu wanda ya ji shi. Ya sa wa na gabansa masaba a kafaɗa, mutumin ya yi ƙara ya durƙushe. Na biyu ya juyo da katako, Maliki ya sakar masa ita a gwiwa. Suka dare. Yana kutsawa wani ya sauke masa gora a ƙeya. Duniya ta yi fari, ta yi baƙi. Ya ji ɗumi yana gangaro masa a wuya. Bai faɗi ba sai da ya kai tsakiya.

Mansur yana kwance a gefen kwata. Da ba don rigar ba da bai gane shi ba. Fuskar ta kumbura, ido ɗaya ya rufe. An ɗora masa bulo a hannun dama an taka. A kafaɗarsa akwai sara guda, mai tsabta, miƙaƙƙe, har farin ƙashi. Maliki ya san bakin da ya yi wannan saran. Shi ya wasa shi da safe.

An riga an rataya wa yaron taya. Wani yana kwance murfin jarkar man janaretan Ila.

Maliki ya faɗa a kan ɗansa, ya rufe shi da jikinsa. Gora biyu suka ƙara sauka a bayansa kafin masu dukan su gane wa suke duka.

"Kai, Baba Maliki ne!"

"Ɗana ne," ya ce.

Audu ya matso, adda a hannu, jini a bakinta. Wani yaronsa yana tsaye a bayansa ya ɗaga kwamfutar sama yana nuna wa jama'a, tana nan a buɗe, filashin a soke.

"Tashi, Baba."

"Ɗana ne, Audu."

"Ko ɗan limami ne. Kai ka ce kada mu tsaya tambaya." Audu ya nuna kwamfutar da bakin adda. "Irin ta A'isha ce sak. Mun same shi yana wanke ta da rana tsaka. Ya kankare sitika. Ga reza a aljihunsa. Ga jini a rigarsa tun kafin mu taɓa shi. Wa ke ɓare sabon abu in ba ɓarawo ba?"

Maliki ya ji maganarsa ta dawo masa daga bakin wani. Ya haɗiye ta.

"Jinin ni na fitar masa da shi. Kwamfutar ni na saya."

"Kowane uban ɓarawo haka yake cewa!" wani ya yi ihu daga baya.

"A haɗa da tsohon!"

"Shi yake ƙera musu wuƙaƙen!"

Man ya zubo musu, mai sanyi, ya shiga raunin ƙeyarsa kamar barkono. Ya ji Mansur ya motsa a ƙarƙashinsa, ya yi wani nishi. Ana ta tambayar wa ke da ashana. Can gefe muryar Turai tana kiran sunan Allah, mata sun riƙe ta.

Maliki bai roƙi kowa ba. Bai iya ba. Ya ɗago kai ya dubi Audu kamar yadda yake duban mai kawo gyaran fartanya.

"Kife ta."

"Me?"

"Kurma ne kai? Ka ce wa wancan sakaran ya kife kwamfutar."

Audu ya waiga. Ya fizge ta daga hannun yaron, ya juya bayanta.

"Dubi kusurwar hagu. Yanzu juya addarka. Dubi gindin ƙota."

Audu ya duba nan, ya duba can. Zane uku a roba, zane uku a ƙarfe. Na kusa da shi suka miƙo wuya. Wani mahauci ya zaro wuƙarsa daga kube, ya duba, ya mayar a hankali.

"Yanzu ya zana!" in ji mai jarkar. "Ai ba wuya!"

"Yaushe aka tare A'isha?" Maliki ya tambaya.

"Yau da safe," in ji Audu.

"Ila! Ina Ila? Fito, matsoracin banza!"

Ila ya rarrafo daga bayan janareta, hancinsa yana jini. Shi ma sun taɓa shi da ya ce su tsaya, daga nan ya nemi maɓoya.

"Wallahi tallahi ranar Asabar ya yi ta, Audu. A gabana, da ƙusa. Har na yi masa tsiya. Tun ɗazu nake faɗa muku, kun ƙi ji."

"Ni ma ina wurin," in ji wani dattijo daga cikin 'yan majalisa. Yana maganar yana ɓoye sandarsa a bayan riga.

Na gaba sun ji. Na baya ba su ji ba, turowa kawai suke yi. Wani matashi ya kutso da kwalin ashana, yana murna shi ya samo. Ya ƙyasta ta farko ta karye. Ya zaro ta biyu.

Maliki ya gani. Bai motsa ba, sai dai ya ƙara danne kan ɗansa a ƙirjinsa.

Audu ne ya juya. Ya sheme matashin da bayan adda a tsintsiyar hannu, kwalin ya yi sama, ya bi shi da ƙafa a ciki har ya faɗa kwata. Sannan ya tsaya a kan Maliki, ya ware ƙafafu, ya ɗaga addar.

"Duk wanda ya ƙara taku ɗaya sai na raba shi biyu! Ba shi ba ne! Kun ji ko? Ba shi ba ne!"

 Daga nan taron ya fara zagwanyewa ta baya. Masu gora suka zama 'yan kallo, 'yan kallo suka zama masu wucewa. Babu wanda ya ce a yi haƙuri. Wanda aka fasa wa gwiwa ma jan jiki ya yi ya bar wurin.

Maliki ya cire tayar daga wuyan ɗansa, ya ture bulon. Yatsun sun kalli inda bai kamata ba. Ya tuɓe rigarsa ya ɗaure kafaɗar tamau. Audu ya sunkuyo zai kama ƙafafun yaron.

"Kada ka taɓa shi."

"Baba, wallahi ni..."

"Tare mana Keke."

Shi kaɗai ya ɗauki Mansur, kamar yadda yake ɗaukar buhun gawayi, ya sa shi a kujerar baya. Turai ta shiga ta tallafe kansa. Audu ya miƙo kwamfutar da hannu biyu, idonsa a ƙasa. Maliki ya karɓa ya ɗora a cinya. Gefen gilashinta ya tsage, amma tana kunne.

Mai Keken ya ja da ƙarfi. Warin mai ya cika ciki. Turai tana ta salati, sai ta ɗaga murya.

"Malam, idonsa yana rufewa! Auta! Auta!"

Maliki ya taɓa ganin mutum ya yi irin wannan barcin bai tashi ba. Ya kama haɓar yaron ya girgiza.

"Kai! Buɗe ido. Ina yi maka magana."

Idon da ya rage ya buɗe kaɗan.

"Wannan abin naka. Zaren ya kai ƙarshe. Ya aka yi ke nan?"

Leɓen Mansur ya motsa. "Ta... gama?"

"Ni na san karatunta? Ga wani akwati ya fito a tsakiya."

"Danna... dogon nan... na dama."

Maliki ya duba maɓallan. Ƙanana ne, yatsansa ya fi biyu faɗi. Ya nemo dogon, ya danna da ɗan yatsan da wuta ta cinye wa zane. Fuskar ta yi baƙi. 

"Ta mutu."

"A'a. Zare filashin... sake dannawa."

Ya zare, ya danna. Keken ya faɗa rami, kan yaron ya langaɓe.

"Mansur! Ban gama da kai ba. Wa ka ce ya ƙera ta?"

"Mutane..."

"Su wa? 'Yan ina ne? Maƙera ne ko 'yan tsintuwa?"

"Maƙera ne, Baba."

"To in ta lalace wa ake kai wa?"

"Kai ma... kana iya buɗewa."

"Ƙarya kake yi. Yi min bayani."

Haka ya riƙa yi masa tambaya a kan tambaya, da tsawa, yana girgiza shi duk lokacin da muryar ta yi ƙasa. Yaron yana amsawa guntu-guntu. Kwamfutar ta haska a cinyar tsohon, da wani launi da bai taɓa gani ba, da ɗan rubutu a tsakiya.

"Ta tashi. Mene ne wannan da ta rubuta?"

"Sunana."

"To ka gani. Aƙalla tana da shaida. Ci gaba da magana."

Yaron yana maganar har suka shiga ƙofar asibiti, ma'aikata suka karɓe shi idonsa a buɗe. Sai a lokacin Maliki ya yarda aka duba ƙeyarsa.

Mansur ya rayu. Yatsun damansa ba su ƙara lanƙwasa daidai ba, da hagu ya koyi danna maɓalli, kuma da wannan kwamfutar mai tsagaggen gilashi ya ƙarasa karatunsa. Uban bai taɓa ce masa ya yi haƙuri ba. Bai kuma ƙara maganar leda ba.

Sati ɗaya bayan dukan, wani daga cikin 'yan sintiri ya kawo adda wasawa. Maliki ya karɓa, ya duba ƙafar kazar da ke gindinta. Ya cusa ta a wuta, ya ja zuga-zugi har ta yi ja, ya ɗora ta a uwar maƙera ya lanƙwashe ta.

"Ka dawo gobe," ya ce. "Za ka samu fartanya."